Azumin da Na Datse Inabin Baba

Ba zan taɓa mantawa da azumin da na raba garinmu da inuwa ba, ko da na so in manta, don har yau akwai tsofaffi a ƙauyenmu da ba su san ni da wani suna ba sai Mai Laima. Shekarata arba'in da shida a lokacin, da iyali, da gemu mai furfura jefi-jefi, wato ba za a ce ƙuruciya ce ta ja ni ba. Abin da ya ja ni takarda ce guda ɗaya, gaba da baya.

Ƙauyenmu yana gaba da Adabka kaɗan, a ƙasar Bukkuyum. Gero da dawa muke nomawa, sai ɗan wake da kiwon awaki. A wancan lokacin (muna cikin Jihar Sakkwato tukuna) aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a makarantar firamare, bayan la'asar. Malam Yohanna ke koyar da mu, mutumin Filato ne da aka turo koyarwa, ya daɗe da mu har Hausarsa ta fara komawa irin tamu. Mun fara da yawa, kafin kaka muka koma mu shida. Ni ban fita ba. Ba kaifin kai ke gare ni ba, kowa ya san haka. Harafin da wasu za su gane a kwana biyu, ni sai in yi mako ina zana shi da tsinke a bakin gona. Abin da Allah ya ba ni shi ne ba na gajiya, kuma in na kama abu na kama ke nan.

To, a ƙofar gidanmu akwai inabi. (Na san wani zai ce, inabi a Bukkuyum? Akwai shi, yana nan har gobe.) Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa shi shekarar da ya dawo daga aikin hajji, ina ɗan shekara biyar ko shida. Ya kafa masa rumfa mai ginshiƙai shida na ƙirya, ya bar shi ya hau. Kowa a garin ya san daga Makka aka zo da shi. Saboda haka ba a karya masa reshe, ba a ɗaure akuya a gindinsa, mace mai ciki in za ta wuce takan tsinki ganye ɗaya don neman albarka. A ƙarƙashin rumfar dattawa ke zama tun daga hantsi, kuma a nan Liman ke yin tafsiri kowane azumi, daga bayan azahar zuwa la'asar. Baba ne ya roƙi a riƙa yi a ƙofarsa. Da zai rasu ya bar mini wasiyya da bakinsa, ya ce kada in bari tafsiri ya tashi daga nan.

Sai dai inabin ya tsufa. Ina yaro na sha 'ya'yansa, har yanzu ina iya tuna ɗanɗanon, amma rabon da ya yi ko ƙwaya ɗaya an fi shekara ashirin. Rassan sun sarƙe sun yi tuli a kan rumfa kamar tsohon jinka. Na ƙasa duk sun bushe, ganye sai can a sama da gefe-gefe, kuma kowace shekara raguwa yake yi. Gara da ƙadangaru sun mai da shi gida, sau biyu ana kashe maciji a ciki. Kowa yana gani, kowa yana cewa Allah sarki, ba mai taɓawa. Inuwa kam yana bayarwa, mai sanyi kuwa, don tulin busassun rassan nan rana ba ta ratsa shi.

Wata rana Malam Yohanna ya zo aji da wasu takardu da malamin gona ya ba shi, irin waɗanda ake bugawa da Hausa don manoma. Ya raba mana ɗaya-ɗaya, ya ce kowa ya je ya karanta tasa shi kaɗai, ba taimako. Wani ya samu ta taki, wani ta ƙwarin wake. Ni da na duba tawa sai na ga zanen wani abu a kan rumfa, da ganye irin wanda na sani tun ina yawo ba wando.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina karanta ta. Abin da na gane shi ne, tsohon inabin da ya daina 'ya'ya ba mutuwa ya yi ba, nauyin kansa ne ya yi masa yawa. A datse shi sosai, a bar gindi da manyan rassa biyu ko uku. A ƙone abin da aka sare saboda ƙwari. A yi haka cikin watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka. A ba shi ruwa safe da yamma, a bar rana ta riƙa samun sa. Bayan kaka a sake rage shi, sannan a sa ran 'ya'ya.

Ban san yadda zan bayyana wa wanda ya tashi da karatu abin da na ji ba. Wannan ce takarda ta farko a duniya da ta yi mini magana ba tare da bakin wani a tsakani ba. Kuma ba maganar Ikko ko Kaduna ta yi mini ba, maganar ƙofar gidanmu ta yi. Na koma wurin Malam Yohanna na karanta masa ita daga farko har ƙarshe. Ya yaba, ya ce abin da ke ciki gaskiya ne, a wajensu ma haka ake yi wa itatuwan marmari. Amma ya ce in yi shawara da mutanen gida tukuna. Na gyaɗa kai. Ban yi ba, don na san amsar da za a ba ni.

Inna, mahaifiyata, tana Gummi a lokacin, wurin ƙanwata da ta haihu. Maiɗakina Ige ce kaɗai na gaya wa. Ta daina tankaɗen da take yi ta dube ni, ta ce, "Malam, ka jira Inna." Na ce mata Afrilu ba ya jiran kowa. (Kun ji fa. Mutumin da wata shida baya bai san akwai wani abu mai suna Afrilu ba.)

A nan ne wautar take, kuma gara in faɗe ta da bakina. Malam Yohanna ya ba ni kalanda, na rataye a ɗaki, kullum da safe sai na sa yatsa na nemo ranar. Ni da tun haihuwata da wata nake lissafi, sai ga ni ina duba bango maimakon sama. Na san muna ƙarshen watan sha-ruwan-tsofaffi. Na san azumi yana bakin ƙofa, ni da kaina na kai gero niƙa don kunu. Na kuma san inda ake tafsiri. Amma sanin azumi yana wani ɗaki a cikin kaina, sanin Afrilu yana wani ɗakin, ba su taɓa gaisawa ba.

Na zaɓi ranar kasuwa, lokacin da dattawa duk suka tafi Adabka. Na aro zarto wurin kafinta, na wasa addata, na ce bismillah na hau. Tun da hantsi nake yi har la'asar. Ƙura da kashin ƙadangare suka cika mini ido da gemu. Na jawo rassan bayan gida na tara, tulin ya fi ni tsawo, na sa masa wuta kamar yadda takarda ta ce. Na kwaɓa laka da toka na shafe bakin kowane yanka. Na ɗebo ruwa na zuba. Da na ja baya na duba, sai ga ginshiƙai shida, da sandunan da aka gitta a kai tsirara, da gindi ɗaya mai hannuwa uku yana nuna sama. Wallahi daɗi na ji. Na ga aikina ya yi daidai da zanen takarda, ba ragi ba ƙari.

Da magariba aka ga wata.

Ina alwala na ji an buga bindiga, mutane suna yi wa juna barka. A nan ne ɗakunan nan biyu na kaina suka buɗe ƙofa suka ga juna. Na waiga wajen rumfa, na waiga bayan gida inda toka ke hayaƙi. Da ban ƙone rassan ba, da sai in mayar da su kan rumfa in rufa wa kaina asiri. Ige dai ta ajiye mini tuwo da ɗan ƙarfi fiye da yadda ta saba.

Da gari ya waye sai ga wani sabon abu da takarda ba ta gaya mini ba. Inabin yana zubar da ruwa. Ta cikin lakar da na shafa yake fitowa, fari tas, ɗis, ɗis, daga kowane hannu. Kafin hantsi labari ya zaga gari cewa itacen Makka yana kuka. Mata suna leƙowa ta kan danga. Wata tsohuwa ta kawo ƙoƙo ta ajiye a ƙasa tana tarar hawayen. Na zaga neman aron zana in rufe rumfar, amma bazara ce, ciyawa ta ƙare, masu ita kuma kowa sai ya ce tasa tana da aiki. Wa zai ba da aro ga wanda ya sa itacen Makka kuka ranar farko ta azumi?

Cikin masu kallo akwai Baba Ɗanjimma, abokin mahaifina ne tun suna samari, tsohon mahauci, harshensa ya fi wuƙarsa kaifi. Akwai ƙatuwar darbejiya a ƙofar gidansa, kuma ba tun yau ba yake ganin can ya fi dacewa da tafsiri. Ya zagaya gindin sau biyu da sandarsa, ya tsaya, ya ce, "Ɗan Alhaji, mi iccen ga yai maka?" Na ce gyara ne, Baba. Ya ce ya yi shekara arba'in yana irin wannan gyaran, amma su a sana'arsu fiɗa suke ce masa.

Bayan azahar jama'a suka taru. Rana tana tsakiyar ka, irin ranar bazarar nan da ko kaza ba ta fita. Aka shimfiɗa tabarmi a inda aka saba. Inuwar da ta rage ita ce ta sandunan rumfa, siri-siri a ƙasa kamar zanen tsaga, sai ka ga dattijo mai jikoki yana karkata wuya don ya sa rabin kansa a ciki. Liman ya iso tare da wani alaramma da aka gayyato daga Anka don jan baƙi. Liman tsoho ne mai sanyin hali. Ya tsaya, ya ɗaga kai ya ga sararin Allah ta inda shekara da shekaru yake ganin ganye, sannan ya tambaya a hankali wa ya yi wannan aiki.

Na fito. Da na tsaya a nan na ba da haƙuri, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na sa hannu a aljihu na zaro takarda. Na ce Allah ya gafarta Malam, ba da ka na yi ba, ga hujja, bari in karanta wa jama'a.

Na buɗe takardar da na kwana goma sha ɗaya a kanta, wadda na karanta wa Malam Yohanna ba tuntuɓe. Na dube ta, ta dube ni. Haruffan nan da na sani ɗaya bayan ɗaya suka koma kamar tururuwa an taɓa gidansu. Na sa yatsa a layin farko na ce, "A..." Na sake cewa, "A..." Gumi ya ɗigo daga hancina ya faɗa daidai inda yatsana yake. Ina jin numfashin mutane, ina jin ɗis, ɗis na inabi a cikin ƙoƙon tsohuwa.

Sai Baba Ɗanjimma ya ce, cikin murya mai taushi kamar mai tausayi, "Ɗana, bar wahal da kanka da na sama. Duba can ƙasa ko an rubuta inuwa, ka karanto muna ita mu shiga."

Ban taɓa sanin masu azumi suna da ƙarfin dariya haka ba. Har alaramman Anka, baƙo, sai da ya rufe bakinsa da gefen rawani.

Da aka natsa, Baba Ɗanjimma ya ce darbejiyarsa tana nan, kyauta, ba ta kuma san boko ba. Wasu har sun fara naɗe tabarmi. A nan ne na ga abin da zan rasa. Na durƙusa gaban Liman na tuna masa wasiyyar Baba. Ya ce wasiyya tana da nauyi, shi ma yana wurin aka yi ta. Zai zauna. Amma shi tsoho ne, kuma Littafi ba a barin sa a rana, a samo laima.

Laima ɗaya ce a gidanmu, ta Ige, tun ta kayan aurenta. Ja ce, da manyan furanni rawaya, da ƙarfe ɗaya a karye yana lilo. Na shiga na karɓo (ta miƙo mini ba ta dube ni ba). Na fito na buɗe. Na duba wanda zan ba ya riƙe, sai na ga kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Liman ya ce, "Mai aiki shi ka ƙarasa aikinai."

Haka na tsaya a bayan Liman, magidanci mai furfura, riƙe da laimar amarya, tun daga bismillah har la'asar. Surukina, mahaifin Ige, yana sahun gaba, kuma na tabbata ya gane laimar, don shi ya saye ta. Hannun dama ya gaji in mayar hagu. Liman ya karkata in bi shi. Alaramma yana ta matsowa da kansa a hankali yana neman rabonsa. Ni kuwa rana tana dukan ƙeyata, ruwan inabi yana ɗiga a kafaɗata. Duk sanda Liman ya ambaci masu gaggawa ko masu ɓarna a bayan ƙasa, ba wanda ke juyowa, amma ina ganin kafaɗu suna rawa. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na yi mata godiya.

Da aka shafa fatiha Liman ya yanke magana. Ya ce bana za a ƙarasa a nan, in nemo wa jama'a inuwa ko ta halin ƙaƙa. Amma in har aka kai ranar rufe tafsiri itacen bai nuna alamar rai ba, to daga baɗi an koma gindin darbejiya, kuma ba za a ce an karya wasiyya ba, tunda ɗan mai wasiyyar ne ya sare ta da hannunsa.

Washegari na kwance dangar garken awakina, na jera karan a kan rumfa. (Awakin suka shiga gari, wannan wani labari ne daban.) Na rufe ko'ina sai daidai kan gindin inabi, na bar fili kamar faɗin tabarma, tunda takarda ta ce a bar rana ta same shi. To, ashe daidai nan ne wurin zaman Liman, jingine da gindin, kuma ya ce shi shekara ashirin a nan yake zama, ba zai gusa ba. Ya ce zaɓi nawa ne, ko in rufe filin ko in ɗauko laima.

Na yi tunani sosai. In na rufe, na huta da kunya. In na rufe kuma, na hana itacen abin da aka ce yana bukata, na sha dariyar jiya a banza. Na shiga gida na ce Ige ta miƙo laima. Wannan karon ta dube ni.

Kullum ke nan. Safe da yamma ina rijiya, ga ta ta yi ƙasa saboda bazara, guga yana fitowa rabi. Garwa biyu a sanda, sawu uku da safe, uku da yamma, da azumi a bakina. Bayan azahar laima. Bayan la'asar aji, don ban daina zuwa ba, ko da yake abokan karatuna sun daina kirana da sunana. Malam Yohanna ya so ya zo ya karanta wa dattawa takardar da kansa. Na ce ya bari, ba takarda ce ke kan shari'a ba yanzu, itace ne.

Ranar huɗu ga azumi Inna ta dawo daga Gummi a bayan babur. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi mini doguwar magana a gaban mutane. Ta sauka ta tsaya a gaban gindin. Ta taɓa bakin yanka ɗaya, ta ƙirga hannuwan da ido. Na durƙusa ina yi mata sannu da hanya. Ta amsa, ta wuce ciki. Shi ke nan. Mako biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kukan inabin ya tsaya bayan kwana biyar, mutane suka ce hawayensa ne suka ƙare. Kwana goma, ba komai. Kwana goma sha biyar, ba komai. Kowace safiya sai in duba hannuwan nan uku tun daga gindi har baki, kamar yadda nake bin layi da yatsa a aji, ba na ganin komai sai ɓawo. Baba Ɗanjimma ya sa aka share gindin darbejiyarsa, ya ce shara ce kawai. In zai wuce ni ina zuba ruwa sai ya tambaya ko wankan gawa ne ba a gama ba. Ni dai in ce Allah ya ba da sa'a, Baba, in ci gaba. Wani abu kuma ya riƙa ɗaure mini kai: in na zo da garwar farko sai in tarar gindin da danshi, yana ɗan warin tsami. Har na fara zargin wani ne ke zuba masa abin da zai ƙarasa shi.

Ranar goma sha tara ga azumi na dawo daga sallar asuba na zauna a zaure har gari ya yi haske, ban tafi rijiya ba. Sai ga Inna ta fito da ƙwarya. Ƙasari ne, ruwan wankin gero, ta tsiyaye shi a gindin a hankali. Sannan ta sunkuya tana duban hannun tsakiya. Ba ta waigo ba, amma ta san ina nan. Ta ce, "Kai, zo ka gani, tunda an ce ka iya karatu."

Na zo. Ta sa farce ta nuna mini. Wani ɗan abu ne ja-ja mai gashi-gashi, bai fi ƙwayar dawa ba, ya fasa ɓawo ya leƙo. Kusa da shi ga wani. Na ƙirga bakwai. Na zauna a ƙasa.

A nan ta gaya mini abin da ba wanda ya sani. Inabin ba daga Makka ya zo ba. A Gusau Baba ya samo shi, a kan hanyarsa ta dawowa, wurin wani Balarabe mai sayen gyaɗa da ya sauke shi kwana biyu yana jiran mota. Mutumin ya yanko masa reshe ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya ce ya riƙa datse shi kowace shekara. Da Baba ya iso gida mutane suka gan shi da shi a hannu, suka yanke wa kansu hukunci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shekarun farko yana datsewa, yana samun 'ya'ya. Sai wata shekara wani ya tsaya a kansa a gaban jama'a ya ce ashe Alhaji guda zai sa wuƙa a itacen Makka? Baba ya ga in ya ce na Gusau ne, girma ya zube. Ya ajiye wuƙa, bai sake ɗauka ba.

Na tambaye ta wane ne wannan mutumin. Ta yi nuni da haɓa wajen darbejiya.

Na ce to Inna, tunda kin san daidai na yi, me ya sa kika yi mini shiru? Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Yanka dai daidai ne. Da ka jira ni kwana huɗu, da na ce ka bari sai bayan Sallah, a lallashi mutane tukuna. Ubanka kunya ta hana shi yanka, kai kuma rashinta ya hana ka tambaya." Ta kuma ce maganar Gusau kada ta fita bakina muddin tana raye. (Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta, shi ya sa kuke jin ta yanzu.)

Kafin ranar rufe tafsiri sababbin rassan sun kai tsawon kamu, da ganye shar mai laushi kamar kunnen ɗan akuya. Inuwarsu ba ta isa ta rufe ko hular Liman ba, don haka laima sai da na riƙe ta har ranar ƙarshe. Bayan addu'a Liman ya miƙa hannu ya shafa ganye ɗaya, ya ce tafsiri yana nan inda yake. Na ji kamar an sauke mini garwa biyun nan daga kafaɗa. Na tsaya ina jira ko wani zai ce ashe takarda ta yi gaskiya, ko ashe mutumin nan ya san abin da yake yi.

Baba Ɗanjimma ne ya yi magana. Ya dubi ganyen, ya girgiza kai cikin tsoron Allah, ya ce, "Kun gani ko? Iccen Makka ba shi mutuwa, ko wawa ya sare shi."

Jama'a suka ce ƙwarai, ikon Allah. Na buɗe baki. Na hango Inna a bakin zaure tana kallona. Na rufe bakin, na rufe laima.

Kafin ƙarshen damina inabin ya mamaye rumfa, inuwa ta dawo, ta ɗanyen ganye wannan karon, ba gara ba maciji. Da lokacin datsa ta biyu ya zo bayan kaka, na duba kalanda, na duba wata, na tambayi Inna, na tambayi Liman, har Baba Ɗanjimma sai da na je na durƙusa na nemi izninsa. Ya ce tunda itacen ya nuna ya fi ƙarfina, in yi. Shi ya riƙe mini tsani. 'Ya'yan da suka fito ƙanana ne, da ɗan tsami, amma inabi ne. Rabin nonon inabin farko a cikin Baba Ɗanjimma ya ƙare, yana ci yana cewa ɗanɗanon ƙasa mai tsarki daban ne.

Na ci gaba da karatu har na kai ga rubuta wannan da hannuna, kuma har yau ina girmama takarda, ba ta yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Ta san lokacin itace sarai. Wanda ke zaune a ƙarƙashinsa ne ba ta sani ba, wannan ni ya kamata in sani. Don haka yanzu in na karanta abu ya burge ni, kafin in ɗauki zarto nakan fita waje in ɗaga kai in dubi wata, sannan in leƙa in tabbatar Ige ba ta ba da aron laima ba.